Hoton Shafi na Goma Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Ɗan littafin cikar Baba shekara tamanin ya faɗo kaina, tunda ni ce mai tsara shafuka a maɗaba'a. Gwaggo ta kawo hotuna a kwalin takalmi. A ciki akwai wanda aka ɗauka a ƙofar shagon gyaran rediyon Baba: shi a tsaye, Yaya a gefensa riƙe da sukundireba, yana washe baki. Gwaggo ta ce a sa shi, a rubuta sunan Yaya a ƙasa. Na ce to. To ɗin baki kawai.

Shekara tara rabonmu da Yaya. Jinyar Mama bai zo ba, jana'izarta bai zo ba. Ni na yi wanke-wanken asibiti, ni na yi zaryar magani. Yanzu kuma ni zan zauna in gyara masa suna a tsakiyar shafi?

Talata, 4 ga Maris

Na so in datse shi daga hoton. Hannun Baba na kan kafaɗarsa. In na yanke shi, Baba ya zama mai hannu ɗaya. Na bar shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau kwamfuta ta shigar min faɗa. Na ajiye hoton a shafi na goma sha ɗaya, na buga bayaninsa a ɗan akwati daga ƙasa, sannan na umarci rubutun shafin ya zagaye hoton. Ya zagaye tsaf. Amma bayanin ya ɓace ɓat. Haka manhajar take: in ka ce wa hoto ya ture rubutu, duk rubutun da ya matso kusa turewa yake yi, har nasa. Akwatin na nan, fanko.

Na yi dariya har Dogo mai kula da injin buga takardu ya leƙo. Ya ce, "Ai haɗa hoton da bayanin za ki yi su zama abu ɗaya, sai rubutu ya zagaye su tare." Na ce masa shekara goma sha biyu ina wannan aiki, ya koma wajen tawadarsa.

Na sani mana. Maɓalli biyu ne. Ba zan danna ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Gwaggo ta ga gwajin shafin, sai ga ta a waya: "'Yar nan, ina sunan yayanki?" Na ce kwamfuta ce ta ƙi. Ta ce kwamfutar ta ɗauko halin wata da ta sani. Ta ɗauko ɗin.

Asabar, 8 ga Maris

Wai Yaya ya kira Gwaggo, wai zai zo taron cikar shekarun Baba. To, ya zo mana. Kujera ba tawa ba ce, amma shafin nawa ne.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kai wa Baba gwajin bugu ya duba. Ya zauna kusa da taga da gilashinsa na ƙara girman rubutu, wanda da yake duba cikin rediyo da shi. Ban san idonsa ya kai haka ba. Hotunan ba ya tsayawa a kansu sam. Gilashin yake kaiwa ƙasan kowanne, ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, sannan ya ce, "A'a, wannan ai ranar da muka sayi kabad ce," ya yi murmushi.

Da ya zo shafi na goma sha ɗaya ya kai gilashin ƙasa. Fari fat. Ya matsa hagu, ya matsa dama. Ya ce, "Auta, su wa ke nan? Fuska ta daina fito min, sai an rubuta."

Na ce, "Kai ne, Baba, a ƙofar shago."

"Ni kaɗai?"

Na ce bari in duba ruwan da na ɗora. Babu ruwan da na ɗora. Da na dawo yana shafin, yatsansa a kan wurin da ba komai. Bai sake tambaya ba, kuma wannan ya fi ƙona min rai. Da faɗa ya yi min da na san abin da zan ce.

Litinin, 10 ga Maris

Ban yafe ba. In rubuta a nan don kada in manta: ban yafe ba.

Talata, 11 ga Maris

Manaja ya ce gobe da safe za a ɗora littafin a inji, bayan nan ko waƙafi ba mai taɓawa. Na buɗe shafin sau uku na rufe. Ramin da ke ƙasan hoton yana da muni, gaskiya. Duk wanda ya san aiki zai ce mai tsarawar ba ta iya ba, kuma sunana ne a bangon baya.

Laraba, 12 ga Maris

An buga. Kafin Dogo ya iso na danna maɓallan nan biyu. Hoto da bayani suka zama ɗaya, rubutu ya matsa ya ba su wuri, layi uku suka gangara shafi na gaba, ba abin da ya lalace.

Don aikina na yi, ba don shi ba.

Dogo ya ɗaga kwafin farko na shafin da ya fito, ya ce me ya sa bayanin wannan hoton ya fi na sauran girma. Na ce kuskure ne, ya ci gaba da bugu. Gilashin Baba ba ya kama ƙananan baƙaƙe sosai.