Dogon Yaron Inna Ba Ya Saruwa

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa daga Gummi. Yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan sai godiya.

Farin bana ya kashe duk itatuwan garkarmu, dogon yaron da marigayiya Inna ta dasa kaɗai ya rage kore. Jiya Kawu Bawa ya shigo da gatari, wai tsiron itacen ya mamaye masa garka. Na tare shi na ce, "Kawu, tsiron ni zan tuge maka, amma uwar ba mai taɓa ta. Ganyenta kuke dafawa in zazzaɓi ya shiga gidanka." Ya yar da gatarin ya fita ba sallama.

A taya mu roƙon ruwa, ka gai da Hajara. In ya kawo maka ƙarata, kada ka ba ni haƙuri. Gatarin yana ɗakina.

Ƙanwarka,
Asabe