Gangar Noman Marigayi

Sabuwa, 3 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga Inna Zulaihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Inna, kwanon rufi ya iso, magina za su zo Yargoje kafin ruwa ya sauka. Dole a rushe tsohon ɗakin Baba. Gangar nomansa da ke rataye ciki shekara shida ba wanda ya taɓa ta. Wani jami'i daga Kaduna yana tara kayan gargajiya, za a sa su cikin gilashi mutane su riƙa kallo. Ina ganin mu ba shi. Yanzu tarakta ke noma, ba ta son kiɗa.

Ɗanki, Lawwali, malamin gona.

Yargoje, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Lawwali,

Ina gaishe ka, ina gaida Suwaibatu da yara. Sunan nan na sama Malam Rabo na makaranta ya rubuta shi da kanshi, ni ban faɗa ba. Ka san ɗan fari ba a kiran sunanshi.

To, wa ya ce maka ba a taɓa ta? Duk Juma'a nike sauko da ita, in shafa ma fatar man shanu, in kakkaɓe gara. Da ba haka ba da tuni ta zama abincin ƙwari.

Kai ba ka san gangar nan ba. Ranar gayya, in samari sun jeru bakin kunya, ubanka na bayansu, kowa da takenshi. Wanda ya fara sanyi sai ya buga mashi nashi, ka ga mutum ya zabura kamar an zuba mashi garwashi. Ranar sunanka ya yi maka naka. Ni da ba ni iya kiranka, in ka yi nisa wajen wasa sai in ce mashi, taɓa gangar nan. Kafin ya aje gula ka shigo da gudu, ƙafa duk taɓo.

Ita za ka sa cikin gilashi? Wa za ta kira a can? Rushe ɗakinka, ban hana ba, ni ma na gaji da yoyo. Amma ganga sai na ji daga bakin Gide ƙanen ubanka.

Allah Shi yi maka albarka. Innarka.

Mairuwa, 25 ga Afrilu

Zuwa ga matar yaya,

Gaisuwa, tsohuwa mai rowar fura. Saƙonki ya iso. Ni dai hannuna ya mutu, ko kofin shayi na ɗauka rabi a ƙasa yake ƙarewa. Kar ki kawo mani ita, kuka kawai za ta sa ni.

Amma ji wani abu. Akwai wani Barau nan Mairuwa, magidanci ne, 'ya'yanshi uku, ba gidan makaɗa ya fito ba. Taraktar da ɗanki ke taƙama da ita guda ce a ƙasar nan, kafin ta zo kanmu an yi girbi. To mutane sun koma gayya, ga shi ba ganga. Barau garwar kananzir yake bugawa! Wallahi in kin ji sai kin toshe kunne, amma hannun na nan. Yana zuwa wurina ina koya mashi da baki. Taken da yaya ke buga ma mutane kam na manta rabi. Ke ce kika sha su shekara arba'in.

Ki yi shawara. Gide.

Yargoje, 4 ga Mayu

Zuwa gare ka, maigidan Suwaibatu,

Bayan gaisuwa. Barau ya zo, ya durƙusa har ƙasa. Na kife ƙwarya ina buga mashi da yatsu, yana maidawa a ganga. Da fari fatar ta yi gardama, sai da muka shanya ta a rana. Da ta buɗe murya, Mero maƙwabciya ta saki taɓarya ta leƙo, wai ta zaci marigayi ya dawo. Mun yi kuka, mun yi dariya.

Take goma sha ɗaya na ba shi. Masu su rabi sun rasu, amma 'ya'yansu na nan.

Na yanke, ganga za ta tafi Mairuwa. Ka ba mutumin Kaduna haƙuri. Ban bar Barau ya ɗauka ba. Kai za ka kai ta a kan babur ɗinka ranar Asabar, ranar gayyarsu, don kayan ubanka ne, hannunka ya kamata ya miƙa. Gula guda na riƙe, wadda ta lanƙwashe daidai hannunshi. Ita za ta shiga sabon ɗaki da ni.

Ka naɗe ta da zane saboda rana. Innarka.

Mairuwa, 8 ga Mayu

Inna,

Ina gaisuwa. Na kai. Na miƙa, na juya zan hau babur, sai Barau ya buga wani abu. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na karɓi garma ba. Kunya huɗu na yi, hannuna duk ya kumbura, Baba Gide na ta yi mani dariya.

Inna, ashe take goma sha biyu kika ba shi.

Ina nan tafe jibi. Ɗanki.