Waƙar Kurahashi

Akita, 5 ga Fabrairu

Zuwa ga Genzo,

Bayan gaisuwa a cikin wannan tsananin sanyi, ina fatan ƙirjinka ya yi sauƙi, 'yarka Fumie da yaranta kuma suna lafiya. Lemon da ka aiko ya iso. Rabinsa tsami ne, amma na gode.

Ka tambaye ni ko ina bin labarin ƙungiyarmu ta besbol, Zalɓe, bana, tunda sun sauka sansanin horo a bayan gidan 'yarka. Ba na bi. Jaridar wasanni ina sayenta ne don tana saurin kama wuta. In idona ya faɗa kan shafi kafin in cusa ta a murhu, ba laifina ba ne. Ta haka na ga hoton 'yan wasanmu sanye da fuskar dodo ana jifan su da wake a bikin korar aljanu, ƙarti da gemu. Ta haka kuma na ga sabon koci ya ce sabon jini yake so. Kowane koci haka yake faɗa. A Fabrairu kowane gurgu barewa ne, kowane mai jifa ya samo sabuwar dabara, zuwa Yuni kuma mu koma can ƙasan teburin gasa inda muka saba kwana.

Abu ɗaya nake so ka duba mini. Kurahashi ya cika arba'in, kuma jarida ba ta ambace shi ba ko a gindin shafi. Ka san abin da ya sa na damu. Waƙoƙin da na rubuta wa 'yan besbol ɗin Zalɓe, tun muna tsayuwa a kujerun bayan fili kai da begila ni da takarda, duk sun bi masu su sun yi ritaya. Tun da yaran ƙungiyar magoya baya suka ce kalmomina sun tsufa, suka sallame ni da kwalin alewa, tasa kaɗai ta rage ana rerawa. Na yi karatun adabi a Tokyo. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da tsofaffin waƙoƙi ga ɗalibai masu gyangyaɗi. Littafina ɗaya tilo yana cikin kabad, asu na karanta shi. Abin da ya rage nawa a bakin mutane layi huɗu ne da mashaya ke kurma ihu da su. Ranar da Kurahashi ya ajiye sanda, su ma sun tafi.

Ka je ka ga yadda yake taka ƙafarsa ta hagu. Ka kula da jikinka.

Kuwabara Tsuneo

Nichinan, 12 ga Fabrairu

Malam sarkin ɗaci,

Gaisuwa mai yawa daga inda rana ke fita. Mu nan furanni sun fara buɗewa, kai kana can kana haƙa ƙofar gidanka da shebur. Lemo kuwa lafiyarsa ƙalau, bakin mai sha ne.

Wai ba ka bi! Mutumin da ya san ƙafar da ke ciwo.

Kullum da safe Fumie tana ajiye ni a fili. Ba zan ɓoye maka ba, Kurahashi ba ya cikin manya. An tura shi ƙaramin fili tare da yaran da aka haifa bayan ya fara wasa. Gwiwar ta ƙi. In ya ruga da gudu sai ka ji kamar ka je ka taya shi. Amma idon nan yana nan, Malam. Ƙwallon da ba tasa ba ko kallonta ba ya yi.

Shekaranjiya wata tsohuwa ta maƙale a jikin waya ta ce, “Kurahashi, jikana ya ce kai da kocin ajinku ɗaya!” Ya juyo ya ce, “Ƙarya yake, Iya, na girme shi.” Kowa ya yi dariya, har shi. Ni ban yi ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna Chisato, yarinyar da na koya wa busa? Ita ke shugabantar masu begila yanzu. Ta zo har gida ta gaishe ni, ta yi ta juya kofin shayi kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Akwai sabon yaro, Minowa, ɗan shekara sha tara, wanda jarida ta haukace a kansa. Ta ce in Kurahashi ya tafi, suna so su gadar wa yaron waƙar, kamar yadda akan yi wa waƙar babban ɗan wasa. Suna kawai za a canza. Ba za su taɓa ta ba sai da izininka, kuma tsoron rubuto maka take yi. Na ce mata ba ka cizo, haƙoran sun zube.

Ka ce to, Malam. Waƙarka za ta ƙara shekara ashirin a bakin mutane, mu muna ƙarƙashin ƙasa. Ka riƙa cin abinci mai zafi.

Naka, Genzo

Akita, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga Genzo,

Bayan gaisuwa, dusar ƙanƙara ta sake rufe mu, ina fatan kuna lafiya.

Suna kawai za a canza. Wannan magana ta nuna mini yarinyar ta iya busa amma ba ta iya ji ba. Kai ma da ka ɗauko saƙon, ka ba ni mamaki.

Ka manta yadda aka yi waƙar? Kakar wasa guda na yi ina kallon Kurahashi kafin in rubuta harafi. Waƙar ɗan wasa ba ta da rai sai lokacin da yake tsaye da sanda. Da ya buga, ko aka fitar da shi, an yanke ta ko a tsakiyar kalma ne. Shi ya sa waƙoƙin yaran nan gajeru ne kamar atishawa. Shi kuwa Kurahashi mutum ne mai jira. Yana barin ƙwallon farko ta wuce, ya kauda wannan gefe, ya kauda waccan, har mai jifa ya gaji ya ba shi wadda yake so. Don haka na yi masa doguwa mai tafiyar hawainiya:

Ruwa ya san mai haƙuri,
Zalɓe tsaya, kada ka gaggauta,
Kifin da yake naka yana tafe,
Kurahashi, jira shi ya iso.

Na ga Minowa a talabijin a wasan gwaji, a gidan wanka, ba ni na kunna ba. Sau huɗu ya fito, sau huɗu ya kai wa ƙwallon farko sara. Da an rera masa waƙata, da ba a wuce “Ruwa ya san” ba. Shekara ashirin ana cewa ruwa ya san, ba a taɓa faɗin abin da ya sani ba. Wannan kake kira rayuwa? Riga ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya. Ba zan ga an rataya ta a wuyan ɗan akuya ba.

Ka gaya mata ban yarda ba. Ka faɗa mata da taushi in ka ga dama, ni ban iya ba.

Ka bar zama a iska da wannan ƙirjin.

Kuwabara Tsuneo

Nichinan, 1 ga Maris

Malam,

Ina gaisuwa. Na san ka gani a jaridarka ta hura wuta. Kurahashi ya ajiye. Jiya sansani ya watse, shi ya tsaya a baya yana share ƙasar fili da majanyi tare da ma'aikata, ya sunkuya wa fili, ya tafi. Za a yi masa wasan bankwana can Akita wurinku a wasan gwaji na tsakiyar wata, fitowa ɗaya.

Na isar wa Chisato. Ta ce, “Na ji, Baba.” Ta ba ni tikitin nan ta ce in sa maka a ambulan.

Ni ba zan zo ba. Na ɗauko begila daga akwati don in gwada ko zan iya layi ɗaya, abin da ya fito ko kyanwar gidan ba ta tada ba. Fumie ta tarar da ni zaune a ƙasa ina haki, ta ƙwace ta kai gidan maƙwabta. Likita ya ce ni da jirgi sai dai kallo.

Na san ka yi rantsuwa ba za ka sake taka filin nan ba. Amma mu biyu muka haifi waƙar nan, dole ɗaya ya tsaya a kanta ranar ƙarshe. Ka je, ka rubuto mini komai. Kada ka yi mini rowar labari.

Naka, Genzo

Akita, 17 ga Maris

Zuwa ga Genzo,

Bayan gaisuwa, ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk taɓo. Ina fatan numfashi ya daidaita.

Na je. Sun canza kujeru, sun canza kuɗin giya, sanyin ne kawai ba su canza ba. Chisato ta hango ni ta sunkuya har gashinta ya kusa taɓa ƙasa. Na ɗaga mata hannu don kada ta karye.

Ka san yadda ake fitowar bankwana. Mai jifa ya miƙo ƙwallo uku a tsakiya ba dabara, mai tafiya ya kai sara da duk ƙarfinsa, a ba shi furanni, kowa ya yi kuka ya tafi gida. Ba a ɗaukar lokaci. Na lissafa a raina cewa ko layi na biyu ba za mu kai ba.

Aka kira sunansa, begila ta tashi. Ta farko ta zo a tsakiya, ya bar ta ta wuce. Ta biyu ya kauda ta gefe. Ta uku ma haka. Yaron da ke jifa ya dubi benci kamar yana tambayar laifin da ya yi. Kurahashi ya fita daga wurin tsayuwa, ya gyara safar hannu, ya kakkaɓe takalmi, ya koma. Ya yi ta kaudawa. Wani mai jan hanci a bayana ya ce, “Tsoho, buga mana, jirgin ƙasa zai bar mu!” Matarsa ta ce, “Rufe baki, waƙa yake saurare.”

Muka kai ƙarshenta, Genzo. Muka sake ɗaukowa daga farko, fili gaba ɗaya, har da mutanen ɗaya ɓangaren da ba su san kalmomin ba. Sai da aka sauke layin ƙarshe karo na biyu sannan ya kai sara, ya sari iska, ya cire hula. Na ce “muka” don na tarar da bakina a buɗe.

Bayan wasa Chisato ta sake tambayata. Na ce a'a, kuma wannan karon ba da fushi na faɗa ba. Abubuwa nawa ne a duniya suke samun a kai su ƙarshe? Aurena bai samu ba, littafina bai samu ba. Ita ta samu, a bar ta a nan. Ta ce ta yi alkawari begilarsu ba za ta sake busa ta ba.

Na daina sayen jarida. Bana ba ni da kowa a fili. Ka huta lafiya.

Kuwabara Tsuneo

Nichinan, 30 ga Maris

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka na karanta ta har Fumie ta ce zan huda takardar.

Wasan buɗe kaka a nan kudu aka yi, Fumie ta tuƙa ni da tulun iskar numfashina a cinya. Na zauna cikin namu. Kafin ka hau sama, Chisato ta cika alkawari. Da Minowa ya fito, ba shi da waƙa tukuna, masu begila suka sauke hannu, mai ganga ya rungume gangarsa. Wurin ya yi tsit.

Sai wani can sama, mai murya kamar tsohuwar ƙofa, ya ɗauko: “Ruwa ya san mai haƙuri.” Na kusa da shi suka kama. Kafin ka ce me, duk ɓangarenmu ya ɗauka, ba busa ba kiɗa, baki kawai. Chisato ta juyo tana kaɗa hannu a daina, wa ya kula ta? Ba wanda ya nemi izininka, Malam, don yawancinsu ba su san akwai ka ba. Sun ɗauka waƙar tare da filin aka gina ta.

Yaron kuwa ƙwallon farko ta zo masa a tsakiya, irin wadda yake mutuwar so. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Bai sara ba. Ya bar ta ta wuce.

Hannuna ya gaji, Fumie na kira a ci abinci. In za ka yi ƙara, sai ka haɗa da ni, ni ma na rera da ɗan abin da ya rage.

Naka har kullum, Genzo

Akita, 3 ga Afrilu

Genzo,

Ina gaisuwa. Ban yafe wa kowa ba, kai ne na farko.

Ƙwallo ta biyun fa, yaya yaron ya yi da ita? Ka amsa da wuri.

Tsuneo