Na Dawo Daga Holan, Amma Ina Ɓoye a Sito

Zuwa ga Gogo Hafsah,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da zan ɗora miki nauyin karanta wannan doguwar takarda. Na san akwai masu ciwo da masu rashi da suka fi ni cancantar filinki. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa, domin duk wanda ya san ni a Jimeta da Yola yana zaton ina ƙasar Holan. Ni kuwa ina nan Nassarawo, cikin siton gidanmu, tsakanin buhun masara da tsohon keken ɗinki. Don Allah ki taimake ni.

Ɗana Nuruddeen yana karatu a can, yana kuma ɗan aikin wanke kwanuka da yamma. Tun yana yaro yake cewa sai ya nuna min teku. Ɗakinsa ba ya ɗaukar mutum biyu, hutu kuma ba shi da shi sai Asabar da Lahadi, don haka ya tattara abin da ya tara ya shirya mana ziyara mai rahusa a wani birni na bakin teku da ake kira Hague. Ya faɗa min dalla-dalla cewa in sauka Juma'a in juyo Litinin. Ba zan ɗora wa yaron laifi ba, ya faɗa.

To ni abin da na sani shi ne, mai tsallake ruwa ba ya fita sai ya yi sallama. Haka na ga mahaifiyarmu ta yi da za ta Makka. Sai na bi gida gida ina neman gafara, daga Gwadabawa har Vinikilang, har cikin garin Yola. Matan islamiyyarmu suka yi min saukar Alƙur'ani. Aka haɗo min guzuri, kilishi da dakuwa da kuka da man shanu da yajin da zai kai ni baɗi. Babu wadda ta tambaye ni ranar dawowa, kowa dai cewa take sai in da rabon ganawa. Gogo, mace ta riƙe hannunki tana kuka tana miki addu'a, ta yaya za ki katse ta ki ce ai ranar Talata ina nan? Na buɗe baki sau da dama, kunya ta rufe min shi.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce yayata, Adda Ruƙayyatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mun yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu, tun wani biki da na ce gishiri ya ɗan yi wa miyarta yawa. A hankali na faɗa, amma an ji. Da na je mata sallama a Yola sai ta rungume ni, ta ce wanda zai bi ta sama ya tsallake teku ba a barinsa da nauyi a wuya, ta yafe min duniya da lahira. Ta ɗauko bargon mahaifiyarmu, wanda ta hana kowa taɓawa, ta ce in rufa da shi in sanyin Turai ya shigo.

Tafiyar kuwa alhamdulillahi. Guzurin dai duk a gida ya kwana, don Nuruddeen ya ce ƙaramar jaka kawai, kuma ba a shiga da nama. Masaukin da ya kama mana gadaje ne masu hawa biyu, mata a ɗakinsu, maza a nasu. Wata yarinya mai ɗan kunne a gira ta bar min gadon ƙasa, Allah ya shirye ta ya saka mata. Duk abin da ake gani kyauta mun gan shi. Wanda ake biya kuma mun tsaya a ƙofarsa mun kalli ginin, yaron ya nuna min hotunan abin da ke ciki a wayarsa. Haka muka yi a gidan tarihi, haka muka yi a wata fada da ya ce ta zaman lafiya ce. Mun yi tafiyar ƙasa har ƙafata ta kumbura, biredi da cuku a aljihunsa. Tsofaffin mata da suka girme ni suna tsere a kan keke, ɗaya ta kusa kwashe ni don na bi ta jar hanya, ashe tasu ce. An miƙo min ɗanyen kifi da albasa wai in kama wutsiya in haɗiye, na yi godiya na mayar. Wata farar tsuntsuwa ta fizge min soyayyen dankali daga hannu, na yafe mata. Rana kuma ta ƙi faɗuwa, ina zaune da alwala ina jiran magariba har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Amma na ga teku. Mun shiga ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin titi har inda hanya ta ƙare, sai ga ruwa babu tsallake. Ni da nake ganin kogin Binuwai da damina shi ne iyakar ruwa. Iska na neman ɗauke min mayafi, Nuruddeen ya riƙe min shi ta baya, na tsaya ina tasbihi ina hawaye. Ba na nadamar zuwa ko kaɗan.

Ranar Talata maigidana, Malam Bobboyi, ya ɗauko ni daga filin jirgi a keke napep da rana tsaka. Muna shiga layinmu na hango maƙwabciyata Keturah, Maman Zadok, ɗauke da kwanon abinci za ta kai wa Malam, tun da matarsa ta yi nisa. Mutanen da na yi wa sallama a Vinikilang ko lallen da suka sa min bai goge ba. Na ja hijabi na duƙa. Niyyata in huta yini guda in samo bakin magana. Yinin nan ne har yau bai ƙare ba.

Yanzu ga halin da ake ciki. Gidaje uku ke aiko wa Malam abinci, kumatunsa sun ciko, kullum na ce zan fito sai ya ce a ɗan ƙara haƙuri, ba a gaggawa a lamarin mutunci. A cikin kwanukan nan nake ci, ina ci gabana na faɗuwa, domin don ba na nan aka aiko su. Wayata a kashe take. Ban furta ƙarya da bakina ba, Allah shaida ne, amma ban san hukuncin shiru irin wannan ba. Rannan ƙurar masara ta sa ni atishawa alhali akwai baƙi a tsakar gida, Malam ya yi wuf ya ce alhamdulillahi kamar shi ya yi, baƙin suka yi masa addu'a. To wannan addu'ar ta wa ce?

Abin da ya sa nake wuni a sito shi ne Adda. Kullum da hantsi take tasowa daga Yola ta zo ta share min ɗaki ta ba kaji ruwa, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ƙofar siton ta zauna karɓar masu tambayar labarina. Ta faɗa musu na koyi tuƙa keke. Ta ce har na fara jin yarensu. Ban san inda take samo wannan ba. Amma tana faɗin wasu abubuwan kuma. Ta ce a makarantar allo ni nake karɓar bulalarta in ta fasa kurtun tawada, ban taɓa tona ta ba. Ta ce duk gidanmu babu mai haƙurina. Shekaranjiya ta faɗa wa Maman Zadok, da ƙarfi, cewa miyar nan ta biki gaskiya gishiri ya yi mata yawa. Gogo, tun da aka haife ni ban taɓa jin yayata ta yabe ni ba. Cusa mayafi na yi a baki ina kuka a bayan buhu. Jiya ma ta manta maficinta da kofin ruwan sanyi a bakin ƙofar, Allah ya sa na samu na jiƙa maƙoshi, don kin san zafin garin nan.

Tsorona ɗaya ne. Adda tana da zuciya. In na fito ta gane Asabar da Lahadi kawai na yi, za ta ce da dabara na karɓi gafararta da bargon uwarmu, mu koma gidan jiya, ko ma abin ya fi da lalacewa. Malam ya ce in bari wata mai zuwa ya fitar da ni a ɓoye ya kai ni filin jirgi, a zo a tarbe ni da motoci. Zuciyata ta ƙi. Tsarabar ma 'yan ɓawon kifin bakin teku ne da na tsinta, su ma ban tabbata ba su da mai su ba.

Ta yaya zan fito ban rasa yayata ba? Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Taki,
Baiwar Allah a Nassarawo, Jimeta

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Barka da dawowa. Tun da babu wanda ya samu damar faɗa miki, bari in zama ta farko.

Zan fara da inda kike da gaskiya. Sallamar da kika yi ba dabara ba ce. Mai hawa jirgi ya tsallake teku bai san ko zai dawo ba, ko yini zai yi ko shekara. Gafarar da kika nema da zuciya ɗaya kika nema, ita ma da zuciya ɗaya ta ba ki, kuma gafara ba aron zane ba ce da za a zo a karɓe don biki ya tashi da wuri. Ɗanki kuma ya yi abin a yaba. Ya auna ƙarfinsa ya cika alkawari, ba abin kunya ba ne a ce uwa ta ga teku daga gumin wanke kwanuka.

Inda ba ki da gaskiya kuwa, ke ma kin sani, shi ya sa abincin ba ya wuce miki. Shirun da ke barin mutane suna ɗora tukunya saboda abin da ba haka yake ba, ya wuce a kira shi kunya. Hukuncinsa dalla-dalla ki tambayi malamanku na islamiyya in kin fito, ni ba malama ba ce. Amma maganinsa a fili yake: ki wanke kwanukan, ki zuba dakuwa da kilishin guzurin nan a ciki, ki mayar wa kowace da hannunki, ki faɗa mata gaskiya. Za su yi miki dariya, Maman Zadok ma sai ta riƙe ciki. Ki bar su su yi, kin ci bashin dariyar. Shawarar filin jirgi kuma ki yar da ita. Malam Bobboyi cikinsa ne ke ba ki shawara. A gaishe shi, a ce masa hutu ya ƙare.

Sai maganar Adda. Baiwar Allah, macen da ta haifi 'ya'ya ta aurar, tana share ɗakinki kullum, kina zaton ba ta ga takalminki da butar alwalarki a jiƙe ba? Duk faɗin tsakar gidanku ba ta ga inuwa ba sai ta ƙofar sito? Wa ya taɓa manta kofin ruwan sanyi cike a bakin ƙofar da ba kowa? Ba zan rantse ba, amma ina kyautata zaton ta daɗe da sani. Akwai mutanen da bakinsu ba ya iya yabon ɗan'uwa ido da ido, sai da ƙyaure a tsakani. Ta samu ƙyaure, tana amfani da shi. Mai yiwuwa ita ma tsoron ranar fitowarki take, don ba ta san inda za ta sa idonta ba. In kuma na yi kuskure, ba ta sani ba, za ta yi faɗa. Ki sunkuyar da kai ki sha, kin saba karɓar bulala saboda ita.

Kada ki bari ta same ki a sito. Gobe da sassafe, kafin ta taso, ki shiga mota ki je Yola ki yi sallama a ƙofarta, ita ce ta farko kafin kowa. Ki ce mata kin dawo tun tuni, kunya ta ɓoye ki, kuma kin ji duk abin da ta faɗa. Kada ki tsaya nan. Shekara da shekaru ke ma kina da alherinta da ba ki taɓa furtawa ba. Ki zauna a gabanta ki faɗa mata, tana kallonki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara haɗa kanku, ya yi wa Nuruddeen albarka.

Gogo Hafsah