Ƙugiyoyin da Kwastan Suka Riƙe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya yara da mamansu? Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina sha, kada ka sa damuwa a ranka.

Sai dai ɗan wani abu ya taso a wurin aiki. Ka san ni ke cika wa maigidana takardun kwastan. Kowane kaya da lambarsa, kuma lambar ce ke nuna harajin da za a biya. To, an kawo mana kwali arba'in na wasu ƙugiyoyin ƙarfe. Na ɗauki ɗaya, na ga sak irin wadda kake rataya makullanka da ita, sai na sa su a lambar abin rataya makulli. Ashe na masu hawan dutse ne, mutum sukutum ke rataya ransa a jikinsu, kuma harajinsu daban.

Jami'in kwastan ya nuna mini rubutun da ke jikin ɗaya mai nuna nauyin da take iya ɗauka, ya ce, "Wane makulli ne ya kai tan biyu?" Sun riƙe kayan, wai sai sun bincika ko da gangan na yi. Maigida bai yi faɗa ba. Hakan ne ma ya hana ni sukuni, don takardar izinin zamana a ƙasar nan a hannunsa take.

Ranar Talata zan je gabansu. Ka ce wa Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ka gaya mata dalili. Ita da ta hana ni hawan ko katanga ina ƙarami, ga shi ban hau dutsen kowa ba, amma a rataye nake.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninka.