Tarwaɗar Cikin Rijiyata

Litinin, 3 ga Maris, 2008

Yau wata yarinya, Vivian, ta shigo min gida da kwalabe da wani dogon ƙarfe na huda ƙasa. Wai an turo su duba unguwarmu, don ana zargin tankin gidan man da ke bayan katangata yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Ta ja ruwa daga rijiyata, ta shinshina, ta ɓata fuska. Ni na haƙa rijiyar nan da hannuna shekara ashirin da huɗu da suka wuce, rabin layinmu a Barkin Sale nan suke ɗiba kyauta. Na nuna mata tarwaɗar da na saka a ciki tun tuni. Na ce muddin kifin nan na raye, ruwan lafiya lau. Haka iyayenmu suka yi, ba su taɓa ganin kwalbar gwaji ba.

Laraba, 5 ga Maris

Sun huda wuri shida a tsakar gida, har cikin lambun alayyafona. Ƙasar da ta fito daga ramin kusa da katanga baƙa ce, tana ɗan wari. To, sai me? Ƙasa daban, ruwa daban. Vivian ta ce idan sakamako ya fito da muni za a rufe rijiyar. Na ce ta zo da sojoji.

Alhamis, 6 ga Maris

Felicia maƙwabciyata, mai goyo, ta daina zuwa ɗibar ruwa. Wai tsoro. Wasu ma sun bi ta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Lahadi, 9 ga Maris

Na dawo daga coci na tarar da tarwaɗar ta juya ciki sama. Tsufa ne. Kifi ma yana tsufa. Na binne ta a gindin mangwaro, ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na hau acaɓa zuwa Chanchaga wurin Ndagi masunci, na sayo wata mai rai a bokiti. Ya ce, "Malam, miya za a yi?" Na ce ba ruwansa.

Talata, 11 ga Maris

Vivian ta dawo ɗaukar ruwa karo na biyu. Na haska mata tocila, ga tarwaɗa tana wutsil-wutsil. Ta daɗe tana kallo. "Baba, kamar ta rame," in ji ta. Na ce zafi ne, ni ma na rame. Ta ce in dubi kalar da ke yawo a saman guga. Na ce man ƙarfen guga ne. Na yi nasara yau, na ci tuwo da daɗi.

Jumma'a, 14 ga Maris

Tarwaɗar ta mutu. Kwana huɗu. Ndagi mugun kifi ya ba ni.

Asabar, 15 ga Maris

Na sayo ta uku. Ndagi ya kalle ni, ya miƙo min bokitin. Shayina na safe yana da wani ɗanɗano, amma ganyen ne, na canza shago.

Talata, 18 ga Maris

Ina zaune a inuwa sai ga Felicia da bokiti biyu, jaririnta a baya. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ba ni haƙuri. Ta ce ta ji a layi kifin Baba yana nan da ransa, to ita me za ta ji tsoro, ga ruwan 'yan garuwa ya fi ƙarfinta. Ta ce za ta dama wa yaron koko, an fara ba shi. Abin da nake so in ji ke nan tun mako biyu. Ta jefa guga, ta jawo, ina kallo. Ban san lokacin da na tashi na kifar da bokitin ba. Ta tsaya baki buɗe. Na ce mata igiyar ce ba ta da tsabta. Ƙaryar banza, ita ma ta san ƙarya ce. Na tsayar da mai garuwa na sa ya kai mata jarka biyu.

Ban iya cin abinci ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na ciro tarwaɗar tun da sauran numfashinta, na sa ta a baho da ruwan saye. Na kulle murfin rijiya da kwaɗo. Saboda yara ne, murfin ya saki, kada wani ya faɗa. Ban ce Vivian ta yi gaskiya ba, sakamako ma bai fito ba, kuma ba wanda ya rufe min rijiya, ni na rufe abata. Na dai aika mata cewa idan za ta wurin mai gidan man nan, ta biyo ta ɗauke ni, ina da magana da shi.

Da yamma na bi layi gida-gida na gaya musu kifin na uku ne.