Rabonka a Fadamar Baba

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can Faransa, ya karatu, ya sanyi? Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama da albarka. Mu nan Guri alhamdulillahi, ruwa ya janye, an yanke shinkafa. Iya dai ƙafar nan tata ce ke ta damun ta.

Yaya, doguwar wasiƙarka ce ta sa na ɗauki biro. Ni na karanta wa mutanen gida ita, har wurin da ka yi bayanin abin da kake nazari, cewa tun bayan juyin juya halinsu masanan Faransa ke muhawara kan yadda mutum ɗaya zai mallaki kansa da guminsa, ba sarki ko dangi su mallake shi ba. Wallahi da na san inda maganar za ta sauka, da na tsallake wurin. Ƙaninka Ɗahiru ya riƙe ta. Bayan sati biyu ya sami Baba ya ce yana so ya fita daga gandu, a yanka masa nasa a fadama. Ban ga laifinsa duka ba, shekara goma sha ɗaya yana noma, ko buhu ɗaya bai taɓa sayarwa da ra'ayinsa ba. Amma ka san Baba bai taɓa tunanin za a raba gonar nan yana da rai ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ranar Asabar ya ɗauki igiya da turaku ya shiga fadama, ya auna da ƙafarsa. Kashi uku ya yi, Yaya: nasa, na Ɗahiru, da naka. Na ce masa ai kai ba ka nemi naka ba, ya ce wanda ya aiko da maganar shi ya fara nema. Yanzu naka na nan tsakiya, ciyawar kachala ta fara cin bakinsa, kuma Baba ya hana kowa taɓawa. Tun ranar shi kaɗai yake cin tuwo a zaure. Ina kuka idan na je ɗauko kwanon.

Ban ce karatunka ƙarya ba ne. Roƙona ka kira Baba kafin a fara noman rani, ka ce masa ya cire turakunka.

Iya da Gumsu da Kawu Kolo suna gaishe ka. Na tambayi Baba ko in sa gaisuwarsa, ya ce in bari, ka iya nemansa da kanka idan ka ga dama.

Taka ƙanwa,
Radiyya